Ranar da Na Yi wa Jemagun Surukina Hayaƙin Barkono

Ba zan taɓa mantawa da ƙarshen makon nan na watan Agustan casa'in da ɗaya ba, ko ni na so in manta ma uwar 'ya'yana ba za ta bari ba. Har yau in ta jefa yaji a mai na yi tari, sai ta leƙo daga kicin ta ce, "Sannu Sarkin Hayaƙi, sana'ar ce ta motsa?" To tun da wuri bari in faɗa muku, ni ban yi nadamar aikin ba. Aikin ya yi kyau. Gidan da na yi shi ne dai aka samu matsala.

Ni ba ɗan boko ba ne. Aji uku na yi a firamare a Funtuwa, malamin ya ce kaina kamar dutsen niƙa, ni kuma na ce bulalarsa ta yi yawa, muka rabu kowa ya kama gabansa. A matsayin direban wani babban ma'aikacin gwamnati na zo Landan, wa'adinsa ya cika ya koma gida, ni na maƙale kamar kaska. Lokacin da abin nan ya faru ina kula da wani dogon ginin kansul, wato gidajen hayar ƙaramar hukuma, a unguwar Tottenham. In famfo ya ɓalle ni ne, in lif ta tsaya ni ne, in ɓera ya shiga filat ɗin wata tsohuwa ni za a buga wa ƙofa. Wato dai a harkar gida ba na ɗaukar raini.

Babban ɗana Abba (sunan mahaifina gare shi, shi ya sa ba na kama sunan) a nan aka haife shi. Hausa yana jin ta sarai, amma in ka yi masa ita da Turanci zai mayar maka, kamar ka jefa wa mutum goro ya cillo maka biskit. Ya yi karatun haɗa magunguna, ya samu aiki, sai ga shi ya kawo mana wata Baturiya wai ita Suzan. Na shirya zan ƙi ta, Allah ya sani, amma yarinyar ta hana ni. Ta koyi durƙusawa ta gaishe ni, ta ci tuwo da hannu, ta sha miyar kuka tana hawaye tana cewa a ƙara. Uwarta ta rasu shekara biyu kafin nan, saura ubanta, Mista Edwad, tsohon malamin makaranta. Shi ne ƙashin bayan maganar. Bai ce ya yarda ba, bai ce ya ƙi ba. In Abba ya ɗauko masa zancen aure, sai ya ɗauko zancen ruwan sama. Ita kuma Suzan ta rantse ba za ta yi aure ba sai ubanta ya sa albarka da bakinsa, don shi kaɗai ya rage mata. Wannan ma ya ƙara min son yarinyar.

Suna da wani ɗan gida na gado a bakin tafki, can arewacin ƙasar, inda suke zuwa hutun bazara tun Suzan tana rarrafe. Tun da matar ta rasu Mista Edwad ya kulle shi bai sake takawa ba. A shekarar nan ne ya ce zai je ya buɗe a dogon hutun ƙarshen Agusta, kuma ya ce Abba ya zo da iyayensa. Kowa ya gane abin da ake nufi. Kallonmu za a yi, a ga daga wane irin gida yaron ya fito.

Ana jibi tafiya Abba ya zo ya zauna a gabana, ya yi abin da bai saba ba. Ya yi min Hausa.

"Baba, don Allah. Kar ka gyara komai. Kar ka taɓa komai. Ka zauna kawai."

Na ce, "Ni? Ni da nake riƙe da gini mai hawa goma sha bakwai?"

Ya ce, "Shi ya sa, Dad."

Uwarsa kuwa tana gefe tana haɗa kaya kamar mai tafiya Hajji ta ƙasa. Ta ji labarin abincin Turawa ruwa ne da gishiri, don haka ta sa na kai ta kantunan 'yan Afirka a Peckham ta sayo busasshen barkono, irin ƙananan nan masu masifa, cike da wata jakar leda babba, wai za ta daka musu yaji su san duniya.

Bayan asuba muka kama hanya ranar Asabar, kafin azahar mun isa. Gida ne na dutse, ɗan ƙarami mai bene ɗaya, tagoginsa duk an buge da katako, ga tafki shimfiɗe a gabansa kamar an zubar da madubi. Mista Edwad ya tarbe mu, dogo siriri, dattijo guda da gajeren wando. Tare da shi akwai mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf mai sanda, wadda nan take uwar Abba ta raɗa mata Kaka.

Ashe buɗe gidan nan wani tsari ne da su. A bayan ƙofar kicin akwai wata takarda da marigayiyar ta rubuta da hannunta, abin da za a fara da abin da zai biyo baya. Mista Edwad ya sa tabarau yana karantawa yana rabon aiki. Abba zai ɓamɓare katakan tagogi. Suzan za ta yaye fararen zannuwan da aka lulluɓe kujeru. Shi zai buɗe ruwa. Har uwar Abba ta samu wanke kofuna. Ni kuwa? Aka ɗauko min kujera aka ajiye a bakin ƙofa, aka miƙo min shayi.

"Kai baƙo ne, ka huta," in ji Mista Edwad.

Jama'a, ku ku yi min alƙalanci. A garinmu in kana neman 'yar mutum, gayya kake yi ka je da mutanenka ku nome masa gona. Ni nan lokacin da nake neman uwar Abba, ni da abokaina huɗu muka yaɓe wa ubanta soro da rana tsaka, har bayana ya saɓule. Yau ga ni na zo neman aure wa ɗana, an zaunar da ni da kofi a hannu kamar wanda aka sallamo daga asibiti. Me mutumin zai ɗauke mu? Zuri'ar 'yan zaman kashe wando?

Ina zaune ina wannan ƙunar rai sai wani wari ya bugi hancina. Na san warin nan. Na ajiye kofi na bi shi a hankali har saman bene. A ƙasan wata 'yar ƙofa da ke jikin silin na ga kashi baƙi-baƙi kamar ƙonanniyar shinkafa. Na kasa kunne, na ji tsiit, tsiit. Jemagu! Ba ɗaya ba, ba goma ba, unguwa guda.

A nan dole in gaya muku wane ne ubana. A Funtuwa in mutum ya dawo daga doguwar tafiya, ko za a buɗe ɗakin mamaci da ya daɗe a rufe, ba mai shiga sai an kira mahaifina. Kasko zai ɗauko, ya cika da garwashi, ya toshe duk wata kafa da tsumma, ya zuba barkono ya ja ƙofa. Kafin ka gama cin goro ɗaya, maciji ne, kunama ce, ɓera ne, jemage ne, har da waɗanda ba a kama sunansu, kowa zai tattara nasa ya fita. Yakan ce ɗakin da ya yi wa hayaƙi shekara bakwai ko gizo-gizo ba ya yi masa sallama. Ni nake riƙe masa mafici tun ina ƙarami. To ga gidan da mai shi ta rasu, shekara biyu a kulle. Na dubi Mista Edwad daga sama yana fama da famfo, tausayinsa ya kama ni. Bawan Allah, ga ilimi har ilimi, amma ba shi da mai yi masa wannan.

Kada a ce ban yi magana ba, na yi. Na sauko na nuna masa sama da yatsa na ce, "Mista Edwad, kana da baƙi a silin."

Ya ɗago, ya yi murmushi, na farko tun isowarmu. Ya ce, "Kai ma ka ji su? Suna nan, suna nan."

Ni kuma na ɗauka murmushin kunya ne, irin na maigidan da baƙo ya gano masa ƙazanta. Na ce a raina, kwantar da hankalinka surukina, asirinka a rufe yake, yau Allah ya kawo maka ɗan gado.

Da aka ci abincin rana sai aka ce aiki na gaba a takarda shi ne fito da kwale-kwale daga rumfarsa a kai shi ruwa. Na ce su yi gaba zan yi salla. Abba ya dube ni, na dube shi da fuskar waliyyai. Kuma na yi sallar (kada wani ya ce na yi ƙarya da ibada), azahar da la'asar na haɗa tunda matafiyi ne ni. Ina sallamewa na leƙa ta taga na ƙirga kawuna a bakin tafki. Huɗu. Na ce madalla, kowa ya fita. Mu shida ne muka ci abincin, ni ne na biyar. Kun ga illar aji uku.

A bayan gida na samu buhun gawayin da suke gasa nama, a gefen murhu na samu bokitin ƙarfe na kwashe toka. Na hura wuta a tsakar gida ina fifitawa da faranti har garwashi ya yi jajir. Na hau da shi sama, na ɗora a kan wani falalen dutse don kada katako ya ƙone (kun ga ai aikin na masu hankali ne), na ture 'yar ƙofar silin. Na bi tagogin da Abba ya sha wahalar buɗewa na rufe su ɗaya bayan ɗaya, na cusa tawul a ƙarƙashin ƙofar baya. Sannan na ɗauko jakar barkonon uwar Abba na juye rabi. Na tsaya na yi tunani, na ce gidan suruki ne, ba wurin rowa ba. Na juye sauran. Na yi bisimilla, na sauko da gudu, na ja ƙofa, na hau kan katangar dutse na ɓare goro.

Ban kai rabin goron ba aiki ya fara ci. Hayaƙi ya soma tsattsafowa ta ƙarƙashin rufi, sai ga na farko ya faɗo, fir! Sai na biyu. Sai suka ɓarke kamar an kwance bakin buhu, da rana tsaka, suna karo da juna suna neman hanyar daji. Wallahi sai da ƙwalla ta zo min, na tuna mahaifina. Kuma a nan ne na yi abin da ya fi komai ci min rai har yau. Da na yi shiru, da wataƙila a ce gobara ce. A'a. Miƙewa na yi a kan katanga ina ɗaga hula ina ƙwala kira:

"Mista Edwad! Abba! Ku zo ku ga aiki!"

Suka waiwayo su huɗu, kwale-kwale a hannu. Mista Edwad ya saki nasa gefen, abin ya sauka a ƙafar Abba. Ban taɓa ganin dattijo ya yi gudu irin wannan ba. Na buɗe hannu ina jiran runguma, ya wuce ni kamar turke, ya tsaya yana kallon sama hannu biyu a ka. Suzan ta iso tana haki, ta dubi hagu ta dubi dama, ta kurma ihu:

"Granny!"

Sai a lokacin na ji tari daga cikin gidan. Ashe bayan cin abinci Suzan ta kwantar da Kaka a wani ɗan ɗaki da ke ƙarƙashin matakala.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na yaye babbar rigata na naɗe kaina da ita, na banka ƙofa na faɗa. Wanda bai taɓa shiga hayaƙin barkono ba, ba zan iya kwatanta masa ba, sai dai in ce in akwai abin da ya fi shi a lahira, to mu gyara halinmu. Da lalube na samu ɗakin. Kaka na zaune a bakin gado tana tari, ta ɗago ta ga ƙato naɗe da tsumma, ido jajir, yana miƙo mata hannu. Ba ta yi wata-wata ba ta sauke min sanda a tsakar ka. Na ce, "Kaka ni ne, baban Abba!" Ta ƙara min. Na ga magana ba za ta yi ba, na juya na saɓa ta a baya kamar goyon jariri, na nufi ƙofa, tana dukana tana kiran 'yan sanda.

Kafin in fito maƙwabta sun ga hayaƙi sun taru, mutum ya kai ashirin, kowa da bokiti. Ina sa ƙafa waje wata mata mai jiki ta sheƙa mana ruwan tafki, mai sanyi kamar daga firiji. Na zabura, na ja numfashi, ciki ya shige. Tazugen wandona, wanda dama tun wajen alwala ban ƙulle shi da kyau ba, ya ce shi ya gaji. Ina ji wando yana sauka a hankali, gwiwa, ƙwauri, idon sawu. Hannuna biyu suna tallafe da tsohuwar mutane, in na saki ta faɗi. Haka na tsaya a gaban surukin da na zo burgewa, kai a naɗe, majina har gemu, Baturiya 'yar shekara tamanin da takwas a bayana tana ƙwanƙwasa min sanda, jemagu na shawagi a sama. 'Yar ciki ce kawai ta rufa min asiri, Allah ya saka wa telan da ya yi ta da tsawo.

Sai muryar uwar Abba, a natse kamar tana tambayar farashin tumatir:

"Malam, sauke uwar mutane ka ɗaure wandonka."

Abba ne ya ɗaura jiƙaƙƙen tawul a fuska ya shiga yana ɗingishi ya fito da bokitin. Cikin maƙwabtan akwai likita, ya duba Kaka ya ce ba abin da ya same ta. Ita kuwa da ta gane ni ne, cewa ta yi rabon da namiji ya ɗauke ta tun ranar aurenta, a ba ta shayi. Wani mai jan gemu ya ja ni gefe yana min bayani a hankali kamar mai yi wa kurma, wai jemagun ƙasar nan doka ce ke kare su, wanda ya taɓa gidansu kotu zai je, da a farkon bazara ne lokacin da 'ya'yan ba su iya tashi ba, da ba a nan zan kwana ba.

Na ce, "Jemage? A ƙasar da ni ɗan Adam sai da na shekara takwas kafin a ba ni takardar zama?"

Ba wanda ya yi dariya. Mista Edwad ko kallona bai yi ba. Da ya zage ni da na ji daɗi, don na san yadda ake amsa zagi. Abba ya zo ya tsaya kusa da ni, idonsa ja, ban sani ba ko barkono ne. Da Hausa ya ce, "Abu ɗaya na roƙe ka, Baba." Ya juya ya tafi. Wannan ta fi sandar Kaka zafi.

Gidan bai shigu ba ranar. Katifu da labulaye duk muka baza su a ciyawa, matan suka kwana a maƙwabta, mu maza a rumfar kwale-kwale. Da magariba ta kawo jiki na ga Mista Edwad ya ɗauki kujera da wani littafi mai baƙin bango, ya zauna yana fuskantar rufin gidan. Ya daɗe. Ba abin da ya fito. Ya rufe littafin ya tashi.

Da safe uwar Abba ta same ni ina shanya hula.

"Ka je ka ba mutumin nan haƙuri."

Na ce, "Haƙurin me? Aikin ya ci ko bai ci ba?"

"Ya ci mana. Har da auren ɗanka ya haɗa ya cinye."

Na tafi. Na same shi a bakin ruwa, littafin a cinya. Na durƙusa a gabansa, gwiwoyina suka yi ƙara kamar an karya kara. Da Turancina na Tottenham na ce masa, a wurinmu haka ake buɗe gidan da ya daɗe a rufe, abin da na yi maka shi zan yi wa ɗan uwana ciki ɗaya, kuma ba zan ce maka aikin banza ba ne don gadon ubana ne. Laifina ɗaya, ban tambaye ka ba, shi nake neman ka yafe. Sannan, tunda na riga na durƙusa kuma gwiwa ba kullum take yarda ba, na ce bari in haɗa gaba ɗaya: ina nema wa ɗana auren 'yarka. (Na sani. Ko makaho ya san ba lokacin ba ne.)

Sai ya buɗe littafin ya juyo min shi. Rubutun irin na takardar bayan ƙofa ne, layi-layi, kwanan wata da lamba, shafi bayan shafi. Ya ce tun kafin a haifi Suzan matarsa take zama a wurin nan duk magariba in sun zo hutu, tana ƙirga jemagun suna fitowa, tana rubutawa. Ya buɗe shafin ƙarshe, daga nan sai farar takarda.

Ya ce, "Shekara biyu na kasa zuwa. Tsoro nake in zo in tarar su ma sun tafi. Jiya na ji motsinsu. Na yi niyyar da yamma in ci gaba daga inda ta tsaya."

A garinmu in mace ta rasu ta bar 'yan kajinta, akwai mijin da har su tsufa su mutu ba zai bari a sa musu wuƙa ba. Ashe kiwon marigayiya na kora, ina tsaye a kan katanga ina kiran mijinta ya zo ya ga aiki.

Ya rufe littafin ya ce, "Maganar aure kuma, ka bari su dawo tukuna."

Ranar Lahadin nan ban zauna ba, kuma ba wanda ya ce min ni baƙo ne. Na hau silin da bokitin ruwa da tsumma, ina rarrafe ina goge katako ɗaya-ɗaya, ina atishawa. Ni da na zo korar jemagu, ga ni ina yi musu sharar ɗaki kamar za a kawo amarya. Da magariba na jawo kujerata kusa da tasa, bai ce in tashi ba. Muka zuba wa rufi ido har duhu ya fara. Ko ƙuda.

Litinin ya kamata mu kama hanya da hantsi, don Talata akwai aiki. Na ce ko lif ɗin Tottenham za ta faɗo da mutane ba inda za ni. Bayan la'asar na daɗe a kan darduma hannu a sama. Uwar Abba ta zo wucewa ta tsaya.

"Malam, me kake roƙo haka?"

"Abin da ya dame ni."

"Na ji kamar ka ce jemagu."

"To ba halittarsa ba ne?"

Ta toshe baki da gyale ta wuce, kafaɗunta na rawa. Abin da ba ta sani ba, zuciyata biyu ce a kan dardumar nan. In ba su dawo ba, na kashe wa ɗana aure. In sun dawo cikin kwana biyu, to ina shekara bakwai ɗin mahaifina? Na ce ya Ubangiji ka dawo da su, tsohona kuma ka ba shi haƙuri a inda yake.

Rana ta faɗi a bayan duwatsu, wasu ƙananan ƙwari suna ta cizonmu. Abba da Suzan suna tsaye can nesa. Na fara tsara yadda zan dubi yaron a mota tsawon awa shida. Sai wani abu baƙi ya faɗo daga ƙarƙashin rufi, ya yi ƙasa kamar zai faɗi, ya ɗaga ya nufi tafki. Mista Edwad ya damƙe min gwiwa, wadda ke ciwon. Sai na biyu. Yana ƙirgawa da Turanci ina ƙirgawa da Hausa, har muryata ta fi tasa. Sha ɗaya muka samu. Ya ce ba su kai ko rubu'in na da ba, amma sauran za su biyo. Ya rubuta kwanan wata da lambar a ƙarƙashin rubutun matarsa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya ɗaga murya ba tare da ya waiwaya ba:

"Abba! Wane wata kuke so?"

Suzan ta fashe da kuka, uwar Abba ta rangaɗa guɗa har karnukan maƙwabta suka amsa. Mista Edwad ya jira ta lafa, ya ce amma da sharaɗi. Duk Agusta baban ango zai zo ya taya shi ƙirga, kuma za a caje aljihunsa a bakin ƙofa, ko ashana ɗaya ba zai shiga da ita ba.

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Sharaɗin kuma na cika shi shekara da shekaru, shi yana gaban gida ni ina baya, in an gama in faɗa masa nawa ya haɗa. Kullum sai na rage uku, don mutuncin mahaifina. Sai da muka shekara shida Suzan ta gaya min ya sani tun ranar farko, duk abin da na ba shi ƙara uku yake yi.

Kuma har gobe ina nan a kan bakana, maganin bai yi ƙarya ba. Barkonon ne ya tsufa. Abin da ya keto teku ya shekara a kanti a Peckham, ina zai samu ƙarfi? Da na Funtuwa ne sabon ɗauka, wallahi da yanzu Abba yana nan tuzuru yana cin tuwon uwarsa. Abin da na ɗauka dai shi ne, in ka je gidan suruki ka ga abin da ya tsone maka ido, tambayi wa ke kiwonsa kafin ka hura wuta. In kuma ka san kai ba mai tambaya ba ne, irina, to ka ƙulle tazugenka sau biyu.